Durowar da Ta Ƙi Rufuwa

Tun daga bakin get Auta ta jiyo ƙarar guduma a tsakar gidansu, sai ta tsaya cak.

Ai ba a buga guduma a gidan nan. Ba a kunna turare, ba a kaɗe kafet, ko kyanwar maƙwabta ce ta leƙo sai an bi ta da tsintsiya. Tun ranar da asma ta ɗauke Yaya, babbar 'yar Umma, gidan ya zama na taka-tsantsan. Kujerar da Yaya ta cika a kanta tana nan a falo gefen taga. Kullum sai Umma ta goge ta da ɗanyen tsumma, amma ba mai zama a kai, ba kuma mai matsar da ita.

Ta tura ƙofa da jakar makaranta a kafaɗa, hannunta duk farin alli. Ga ƙaramar durowar gefen gadonta an fito da ita, an kifa ta a kan tabarma. Ga Kafinta a tsugune a gabanta, shi da ko zaure ba ya wucewa in ya zo wurinta.

Umma ta leƙo daga kicin tana goge hannu.

"Durowarki ce ta ishe ni, kullum baki a buɗe, na tura na tura ta ƙi shiga. Na ce tunda mutumin naki sana'arsa ke nan, ya yi mana amfani ko sau ɗaya ne."

"Sannu da dawowa, Malama," in ji Kafinta.

Bai ɗago ya dube ta ba. Mutumin da in ya hango ta daga nesa sai ka ga haƙoransa gaba ɗaya a waje! Nan take ta san ya gani.

Bara ne, daidai lokacin da maganar aurensu ta fara ƙarfi, ciwon ya kayar da Auta a aji a gaban yara. Sai da aka zura mata roba ta maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi mata numfashi. Umma ba ta zauna ba, ba ta ci ba, har aka cire robar. Da suka dawo gida ta ɗora laifin kacokan a kan ƙurar katakon da ke jikin Kafinta. Ta tsaya a tsakiyar falo, ta nuna kujerar Yaya da yatsa.

"Wallahi tallahi, idan ƙirjin nan ya sake kai ki gadon asibiti, babu ke babu yaron nan. Na rantse."

Kowa kuwa ya san Umma. Ba ta cika rantsuwa ba, amma in ta yi, an gama.

Bawan Allah tun daga ranar ya shiga wahalar kansa. A shago yake wanka kafin ya zo, ya ciro kayan da ya ƙulle a leda ya saka, ya iso gashi a jiƙe, ya zauna can ƙarshen benci. Har tsokanarsa Auta take yi, ta ce in ya ƙara matsawa kaɗan sai dai su yi hira ta waya.

Ita kuma ta ɗauki nata alwashin a zuci: ba wanda zai sake ganin ta da ciwo.

Ta daina zuwa ganin likita, don ƙafarta ƙafar Umma, likitan kuma ba ya rufa wa kowa asiri. Abin shaƙarta mai ruwan ƙasa, na safe da yamma, wanda aka ce shi ke hana ciwon tashi, ya ƙare ba ta karɓo wani ba. Ta ce wa Umma ta warke. Sai ta koma kan shuɗin, wanda in ta fesa nan da nan ƙirji ke buɗewa.

Shuɗin kuwa ba wuyar samu. Ga Mai Kemis a bakin layi, wanda 'yan unguwa ke kira Dakta alhali ko allura sai ya rufe ido yake yi. Ya daɗe yana son ta, Umma kuma ba ta ɓoye cewa shi ta fi so. Cewa take yi mace mai asma ta auri mai shagon magani, ai ta huta.

"Haba Malama, wane irin kuɗi kuma?" haka yake cewa yana naɗe mata a takarda. "Ki manta da mai ruwan ƙasan nan, kin taɓa jin ya yi miki wani abu? Wannan shi ne magani. Ni kuma kin san bakina a ɗinke yake. Sai dai ki riƙa tunawa da masu rufa miki asiri."

Da farko ɗaya yakan kai ta wata biyu. Daga baya ko wata ba ya rufawa. Yanzu ita kanta ta daina lura. Gwangwanayen da suka ƙare ba ta isa ta jefa a shara ba, don Umma har kwandon shara take tonawa. Sai ta riƙa zare akwatin durowa tana cusa su ta baya, har suka cika wurin, durowa ta ƙi rufuwa.

Abin da ya fi damun ta ba ciwon ba ne, sautin ne. Duk lokacin da ƙirjinta ya fara wannan siririn kukan, muryar ƙirjin Yaya take ji sak. Tana 'yar ƙarama lokacin, amma ba ta manta ba: Yaya a zaune ta sunkuyo, gwiwar hannu a kan cinya, kafaɗu na hawa da sauka, shuɗin gwangwani a hannunta tana ta matsawa. Wani lokacin in Auta ta wuce falo da sassafe, sai ta kasa kallon gefen tagar. Umma ma takan yi suɓutar baki ta kira ta da sunan Yaya, sai su duka biyu su yi kamar ba su ji ba.

Kullum da asuba Umma kan tsaya a ƙofar ɗakinta ta kasa kunne. Sai Auta ta koyi buɗe baki sosai tana jan iska a hankali a hankali, yadda ko ƙuda ba zai ji ba, har takun Umma ya yi nisa.

Aka kira la'asar. Umma ta ɗauki buta ta shige ɗaki, ta bar ƙofa a buɗe yadda ta saba.

Kafinta ya jawo jakar kayan aikinsa ya buɗe mata bakinta. Ga su nan jibge a kan sukundireba da awartaki, shuɗaye, wasu har sun fara tsatsa.

"Malama, mene ne wannan?"

"Tsofaffi ne. Na da can ne."

"Kar ki yi min haka. Da hannuna na haɗa durowar nan bayan an sallamo ki. Babu komai a bayanta."

Ta durƙusa gefen tabarmar, ta rage murya.

"Don Allah ka zuba su a jakarka ka tafi da su. Ka jefa a kwata, ka binne, duk yadda ka ga dama. Ba wanda ya gani sai kai."

"Ina mai ruwan ƙasan?"

Ta kawar da kai.

"Yaushe rabonki da likita?"

Sai hawaye.

"Innalillahi. Ina tsaye a bakin ƙofa ranar da aka sallame ki, da kunnena na ji. Likita ya ce wanda aka taɓa sa wa na'ura, shi ciwon ya fi yi wa dawowar mugunta. Ya ce in kin ga shuɗi ɗaya ba ya kai ki wata, kar ki jira komai, ki dawo. Malama, dubi jakar nan. Ni ina can ina ta wanka har fatata ta fara saɓa, ina murna wai kin samu sauƙi, ashe ke kina nan kina shaƙewa ke kaɗai?"

"Saboda wa nake yi?" in ji ta. "Saboda wa? Ka ji rantsuwar Umma. In na je wurin likita yau, wallahi ba zai bar ni in dawo gida ba, gado zai ba ni. Shi ke nan an raba mu. Watanni kaɗan suka rage. In aka ɗaura auren, ka kai ni da kanka, ko kwana nawa ne zan yi, ko allura nawa ce zan karɓa. Ka bari a ɗaura kawai."

"In kin kai."

"Zan kai! Na kai yau, ko ban kai ba?"

"Jiya da muke hira sau nawa kika tashi kika ce za ki duba tukunya? Ni wawa har ina cewa Allah ya ba ni mai son girki."

Dariya ta so kuɓuce mata, sai ta koma tari. Mura ce ta kama ta tun farkon mako, yau kuma tun safe ƙirjin yake a ɗaure. Ta danne tarin da gefen mayafi tana satar kallon ƙofar Umma.

"Wa yake ba ki su?"

"Dakta."

Ya rufe ido. Jijiyar gefen kansa ta tashi.

"Ya san yawansu?"

"Shi ke miƙo min."

"Kuma yana gaisawa da Umma kullum."

"Shi ya rufa min asiri. Kai da nake mutuwar so, kai ne za ka tona?" Ta kama bakin jakar da hannu biyu. "In ka faɗa, ka san wa za ta ce in saurara. Za ka iya ganina a gidansa? Ka dube ni ka ce za ka iya. Ka tuna gadon da ka ce ka fara yi mana, ka ce ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Wa zai kwanta a kai? Ka rufa min asiri, don girman Allah. Ban taɓa roƙon ka komai ba."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Ya daɗe yana kallon hannayenta a kan jakar. Sannan ya sa yatsunsa ya zare jakar a hankali, ba tare da ya taɓa ta ba.

"Ki yafe min, Malama."

Ya miƙe. Daidai nan Umma ta fito da carbi a hannu.

"An gama? Me ya hana ta rufuwa?"

 Ya durƙusa a gabanta, ya juye jakar a kan siminti. Gwangwanaye suka watse suna ƙara, ɗaya ya gangara har ya daki yatsan ƙafar Umma.

 Umma ta sunkuya ta ɗauki na kusa da ita, ta kai kunne ta girgiza, yadda ta saba yi shekarun baya. Ba komai a ciki. Ta ɗauki wani. Shi ma haka. Carbin ya zame daga hannunta.

"Auta, naki ne?"

"Umma..."

"Kin ce min kin warke. Kullum ina tsayawa a ƙofarki, ban ji komai ba."

Ta juya kan Kafinta, fuskarta ba alamar wasa.

"Kai kuma ka san abin da na rantse a kai?"

"Na sani, Umma."

"Ka san in na kai ta yanzu kwantar da ita za a yi?"

"Na sani."

"Shi ne ka juye min su a gaba?"

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwar wandonsa.

"Umma, watan jiya aka kawo min makarar masallaci, ƙafarta ɗaya ta karye, na gyara. Tunda na zare durowar nan ba abin da nake gani sai ita. Ki raba mu, na yarda. Amma ki kai ta yau."

Auta ba ta tsaya jin sauran ba. Ta tashi da gudu ta yi falo tana kuka mai cin rai, irin wanda ba a jan numfashi a tsakaninsa. Kafin ta kai ƙofar ɗakinta ƙirjin ya damƙe. Ta faɗa kan abin da ya fi kusa da ita, ta sunkuyo, ta kafa gwiwar hannu a cinya. Ta lalubo shuɗin cikin jakarta ta fesa. Ta sake fesawa. Ta sake. Iska ta ƙi wucewa.

Sai da ta ga labulen taga yana taɓa kafaɗarta ta gane inda take zaune.

Ta so ta tashi, ta kasa. Kukan ƙirjin ya cika falon, siriri, mai tsawo, kuma wallahi ba ta iya rantsuwa cewa daga jikinta kaɗai yake fitowa ba. Ta ga Umma a bakin ƙofa ta dafe bango. Ta ji ta kira suna, ba nata ba.

"Um... ma..." Kalma ɗaya ma ta gagare ta.

Kafinta ya fita da gudu yana dukan get ɗin maƙwabci mai mota, ya dawo yana haki. Gumi ya jiƙa Auta sharkaf. Ta gaji. Wata irin gajiya mai daɗi ta fara saukar mata, falon ya soma yin nisa. A hankali sautin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke.

"Alhamdu lillahi," ta jiyo muryar Kafinta kamar daga ƙasan rijiya. "Umma, ya lafa. Kin ji ya daina."

Ihun da Umma ta yi, har yau 'yan layin ba su manta ba.

"Ba lafawa ba ce! Haka waccan ta yi min! Haka ta yi shiru na ce barci ne! Ɗauke ta! Ɗauke ta, don ubanka, me kake jira!"

Abu na ƙarshe da Auta ta sani shi ne ƙamshin sabulu a wuyan rigarsa.

Ta farka washegari da hantsi, abin oksijin a fuskarta, ruwa na ɗiga ta hannu, maƙogwaro a bushe. Farin silin, farin labule, gado mai ƙarfe. Gadon asibiti. Ta rufe ido hawaye suka gangara cikin kunnuwanta. An gama ke nan.

Likitan yana tsaye a ƙarshen gadon, shi ne dai na bara, mai furfura a gemu. Da Umma yake magana, amma da ya ga ta buɗe ido sai ya juyo.

"Malama, kin ba mu aiki. Da an ƙara ɗan jinkiri, da yanzu wani zancen ake yi." Ya ɗaga wani shuɗin gwangwani da Umma ta taho da shi a ƙullin zane. "Wannan buɗe hanya yake yi na ɗan lokaci, ba ya kashe kumburin da ke ciki. Kina fesawa kina jin daɗi, ciwon yana can yana cin ƙasa. Kin bar mai ruwan ƙasa, kin bar zuwa, ga mura, ga alli kullum, ga shi an taɓa sa miki na'ura. Duk abin da muke tsoro kin tara shi wuri ɗaya, sannan kika rufe da murmushi."

"Likita," in ji Umma a hankali, "ƙurar katako fa?"

"Tana tayar wa wasu, ba na musu. Za mu duba mu gani. Amma Hajiya, ba ƙura ce ta kawo ta jiya ba. Ɓoyo ne. Mai asman da ke tsoron a san ciwonsa ya tashi, shi ne wanda ake kawo mana a makare." Ya ajiye gwangwanin a kan tebur. "Ban san me take tsoro ba. Ku kuka sani."

 Ya duba ruwan, ya wuce gado na gaba.

Da azahar matar maƙwabci ta kawo abinci a kula, ta yi sannu ta tafi. Ita ce ta raɗa wa Auta cewa Mai Kemis ya zo da safe da ledar lemo, Umma ta tare shi a baranda, ba ta ɗaga murya ba, amma ya koma da ledarsa. Kafinta kuwa tun jiya yana bakin get ɗin asibiti. Ya ce ya yi alkawarin janyewa, ba zai shigo ba, yana dai jiran a ce masa ta farka ya tafi.

Auta ta juyar da fuska bango. Tana jin haushinsa, tana jin kewarsa, ta rasa wanne ya fi ciwo.

Umma ta zuba abincin a faranti, ta ɗaga mata abin oksijin, ta riƙa ba ta a baki cokali-cokali kamar yarinyar goye. Idanunta sun kumbura sun yi luhu-luhu, leɓenta ya bushe har ya tsage. A kwana ɗaya ta tsufa.

"Umma, ki yafe min."

"Haɗiye."

"Na san kin rantse. Ba zan yi miki gardama ba. Ki dai aika a ce masa na farka, ya tafi ya huta. Bai yi laifin komai ba."

"Na ce ki haɗiye."

Ta haɗiye da ƙyar. Ta dubi kular, ko rabi ba a ci ba.

"Ke ma ki ci mana. Tun jiya ba ki sa komai a cikinki ba, ina gani."

"Azumi nake yi."

"Azumi kuma? Umma, yau Laraba ce fa."

"Na san ranar."

Umma ta mayar mata da abin oksijin, ta gyara robar a bayan kunnenta. Ta ɗauki murfin kular ta rufe, ta daɗe tana murɗa shi ko da ya riga ya kama. Ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Na kaffara ne," in ji ta. "Rantsuwar na karya."